Ƙota

Aji uku na babbar sakandare, Aliero,
darasin zayyanar kayan aiki, ranar Laraba.
Malam Mainasara ya ɗora ludayi a kan tebur,
ya ce mu matso mu duba.
"Wa ya lanƙwasa wannan wuya? Saboda wa?
Ba a ƙera abu don takarda ta yaba.
Ku je ku nemo mini abin da ke cizon mutum
kullum, har ya saba."

Ni ban yi nisa ba.
Babana manomin albasa ne.
Wuƙarsa ta yankan lawashi guntun zarto ce
da aka naɗe wa robar tayar keke.
Da dare yakan tsoma hannu a ruwan ɗumi,
ya ce gajiya ce, ba ciwo ba.

Bayan isha'i na ce, "Baba, ara mini hannunka."
Ya miƙo dama, yana dariya.
Na kwantar da shi kan kwalin sabulu,
na bi gefen yatsu da fensir
kamar mai zagaye gonar gado.

Wuƙa goma sha ɗaya na zana.
Bakwai Malam ya soke da jan biro,
uku ni na yage da kaina.
Na murɗa ƙota da yumɓu, ta tsage a rana.
Na sassaƙa ta icen aduwa,
na yanke yatsa, na ɗaure, na ci gaba.
Manu maƙeri ya buga mini ruwan wuƙar
daga karyayyen sifirin ɗin mota,
yana mita: "Yaran boko da awon gashin ƙuma!"
Na fafe wa babban yatsa gurbinsa,
na goge, na shafa man gyaɗa,
har ƙotar ta yi santsin goshin jariri.

Malam ya juya ta, ya auna, ya yi shiru.
"Saba'in da takwas.
Sauran makin yana fadama, Luba,
ba ni ke riƙe da shi ba."

Asabar, raɓa ba ta bushe ba.
Baba ya karɓa da hannu biyu.
"Wanga abu ya yi kyawo, ɗiyata."
Ya yanka ɗaya. Ya yanka biyu.
A hankali, kamar mai rubutu da alƙalamin aro.
Na je bakin rijiya in sha ruwa,
na waiwayo:
tawa tana kwance kan buhu, an lulluɓe ta da hula,
tsohon zarto na ta walƙiya,
lawashi na zuba,
a hannun hagu.

Anaruwa, maƙwabcin gonarmu, ya riƙe ciki:
"Ke ba ki san ubanki bahago ne ba?"

Shekara goma sha bakwai.
Da dama yake cin tuwo,
da dama yake ba ni kuɗin tara,
da ita yake dafa kaina in zazzaɓi ya zo.
Ashe tun yana yaro kakata ta ɗaure hagun da tsumma
har ta koyi ɓuya.
Gona kaɗai ta san ta.
Wannan hannun da ke cikin ruwan ɗumi kowane dare,
wanne ne?
Ban taɓa dubawa ba.

Litinin na rubuta a shafin sakamakon gwaji:
"Bai yi ba. Na auna hannun gaisuwa."
Malam ya karanta sau biyu,
ya mayar da jan biro aljihu.

Daren nan na juya kwalin sabulu.
"Baba, ɗayan."
Ya jima kafin ya miƙo.
Ta fi 'yar'uwarta faɗi da rabin yatsa,
kanta huɗu, tsohon tabo a gindin ɗan ali,
tana warin albasa.
Na ce kada ya motsa.
Fensir ya fara tafiya.